Bunyaminu Mai Rake da Fadamar da Ta Gaji

Rigimar da ta fi kowace zafi tsakanina da ƙanena Bunyaminu, a bakin fadama muka yi ta, da hantsi, a gaban mutane. Ni na tayar da ita, kuma da za a dawo da ranar, ni zan sake tayarwa.

Lokacin saran rake ne. Tun da sassafe na share murhu, na wanke babban kaskon da nake dafa ruwan rake, na jera ƙananan kwanonin da mazarƙwaila ke daskarewa a ciki. An riga an ɗaure san da ke juya injin matsa, yana tsaye yana korar ƙuda da wutsiya. Sai ga wata babbar mota ta taho tana gurnani ta burtalin shanu, samari cike a bayanta, kowa da adda a hannu.

Na ce, "Bunya, motar wa ta wagga?"

Ya sosa ƙeya. Tun yana yaro haka yake yi in ya san ya taɓo ni. Ya ce, "Yaya, mutanen Kamba na. Sun saye raken."

"Wane daga ciki?"

"Duka. A tsaye."

"To ni mi zan dahwa cikin kaskon ga? Kunnuwanka?"

Samarin suka fashe da dariya, don Allah ya hore wa Bunyaminu kunnuwa. Shi ma ya taya su. Ya ce, "Haba Yaya, ki huta mana. Shekara nawa hayaƙi na cin idonki? Su za su sare, su ɗaure, su loda, babu wahalar kowa."

Na ce, "Ba ta idona nika yi ba. Baba bai taɓa barin rake ya hita gonar ga da rigarshi ba, zaƙin kaɗai ka hita. Kai kuma za ka aza gona ɗungum bisa mota ka ɗaga mata hannu."

"Gona tana nan, Yaya. Ai ba ta da ƙahwa."

"Jinin jikinka ma ba shi da ƙahwa. Bari a riƙa ɗibarshi kullum mu gani."

Na sa aka kwance san, na kife kaskona a kan murhu, na kama hanyar gida. Ban sake amsa gaisuwarsa ba sai da Babbar Sallah, da ya zo da kansa ɗauke da cinyar rago, ya tsuguna a ƙofar ɗakina ya ƙi tashi, har tururuwa ta fara hawa naman.

Bunyaminu shi ne autanmu. Innarmu ta rasu tun bai fara rarrafe ba, saboda haka bayana ya fara sani kafin ya san ƙasa. A goye nake kai shi fadama in na kai wa Baba fura. Abin da ya fara tsotsa bayan nono gaɓar rake ce da Baba ya fere masa, ya riƙe ta da hannu biyu, ruwan na bin gwiwar hannunsa yana jiƙa mini zane. Na sha cewa tun ranar rake ya karɓe shi daga hannuna.

Fadamar tamu tana bayan Illo, ta wajen da gulbi ke malalowa in ya cika. A zamanin Baba ƙasarta baƙa ce wuluk, in ka dunƙula ta riƙe kamar tuwo, in ka murza ta warwatse. Baba yakan bar rake shekara biyu ko uku, sai ya tumɓuke shi, ya zuba shinkafa ko wake, ya bar ruwan gulbi ya shiga ya kwanta ya bar laka. A gefen gonar ake matsa, a nan nake dafawa. Tuƙa, wato abin da ya rage bayan an matse ruwan, ita muke shanyawa mu hura wuta, tokarta kuma a kwasa a watsa a gona. Baƙar kumfar da nake yaɗewa daga kan kasko, ita ma cikin kunya ake zuba ta. Ganye da kan rake kuwa rabon shanun Hamma ne, wani Bafillace da ke sauka kusa da mu duk rani. Su ci, su kwana a wurin, su bar kashinsu. Baba bai taɓa zaunar da mu ya yi mana wa'azi a kan wannan ba. Haka ya tarar, haka ya yi.

A cikin wannan aiki Bunyaminu ya tashi, kuma gaskiya ya fi Baba hannu. Yakan ƙwanƙwasa sanda da farce ya gaya maka ko za ta yi iri. In yana kwantar da gaɓoɓi a rami, sai ya juya kowace idonta ya kalli gefe, a hankali, kamar mai kwantar da jinjiri. Ba ka gamuwa da shi a hanya hannu wofi. Kafin ku gama gaisawa ya karya maka rake a gwiwa, ko ka so ko ba ka so. Tsofaffin da haƙoransu suka zube, yakan yanka musu ƙanana ƙanana ya aika a kwano. Bai iya faɗa ba, bai iya cewa a'a ba. Ni na ɗauke masa wannan nauyin, don duk wanda ya cuce shi a garin nan bakina ya rama masa.

Aibinsa guda ne. Ba ya iya ganin gona babu rake. Shekarar da Baba ya zuba wake, sai ka ga Bunyaminu yana zagaye gefen gonar kamar wanda matarsa ta yi yaji. Da Baba ya rasu, fadamar ta zama tamu mu biyu, amma shi ke noma, shi ke da ta cewa. Wake bai sake shiga wurin ba.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu, kuma ba zan rage masa ba. Shekarun farko bayan zuwan motar nan, gonar ta ba shi gaskiya ta kunyata ni. Ya sayi injin ban ruwa, rake ya daina sanin rani. Ya tara mutane suka yi jinga, wato ganuwar ƙasa, suka tare ruwan gulbi don kada ya kwantar masa da rake. In an sare, ba ya tumɓuke saiwa, sai ya cinna wa busasshen ganyen wuta ya cinye ƙurmus, ya saki ruwa, ya watsa farin takin zamani, gyauro ya taso kore shar. Gyauro a kan gyauro, shekara na bin shekara. Tun da rake ba ya barin gonar ko wata ɗaya, shanu ba su da wurin shiga, sai ya kewaye ta da shingen ƙaya.

Ina nan ranar da Hamma ya zo da garkensa ya tarar da shingen. Ya tsaya ya dogara da sandarsa, ya daɗe yana kallo. Bunyaminu ya fito da dami guda na rake ya miƙa masa, kunya ta hana shi ɗaga ido. Hamma ya karɓa ya yi godiya, ya ce, "Ni zan sha. Shanu dai ba a gaya musu an yi shinge, su hanyar kakanninsu sunka sani." Ya kaɗa su suka yi yamma. Da shekara ta zagayo bai sauka kusa da mu ba.

Amma rake ya yi ta fita. Motoci daga Kamba, wasu daga Bagudo, wasu har su tsallaka da shi Benin. Bunyaminu ya yi rufin kwano, ya sa 'ya'yansa makaranta, ya gyara mini ɗaki ba tare da na roƙa ba. Mata a bakin rijiya suna ce mini, "Barira, ina bakin naki? Ga gona ba ta tahi ko'ina ba." Nakan ce musu saniyar da ake tatsa ba a ba ta dusa, ba ranar take faɗuwa ba.

A hankali abin ya zo, yadda tsufa ke zuwa. Ƙasar ta fara dusashewa, daga baƙa ta koma ruwan toka. Hauya ta fara ƙara in ta sauka, kamar an sari daɓe. In an saki ruwa sai ya tsaya a sama yana kallon mutum, in ya bushe ƙasar ta tsage. Kashin tana, da a da ba ka iya taka kunya ba ka murƙushe shi ba, ya ɓace. Gefen ganyen raken ya riƙa ƙonewa kamar an haska masa wuta, gaɓoɓi suka gajarce, sandar da a da sai babban mutum ya riƙe ta da hannu cike ta koma kamar karan dawa. Tofa ta fara leƙowa daga gefe. Duk abin da Bunyaminu ya gani, maganinsa ɗaya ne, ya ƙara buhun taki. Ganye ya yi kore kwana kaɗan, ya yi murna, sannan ya koma inda ya fito. Masu mota suka fara taɓe baki, suna zaɓe suna barin saura.

Bai yarda ba sai da bikin 'yarsa Safina ya zo. Ya same ni a gida ya ce, "Yaya, ɗiyarki za ta ɗaki. Ina son a kai ta da mazarƙwailar gidanmu, irin ta da."

Na ce, "Yanzu ka tuna ina da kasko?"

Amma kafin ya kai ƙofa na sa an jawo kaskon daga bayan rumbu. Na kwana biyu ina goge tsatsa da yashi, raina fari ƙal, ko da yake ban bari ya gani ba. Aka aro injin matsa, ya zaɓo raken da ya fi kyau a gonar.

Tun daga ruwan na san akwai magana. Ya fito tsararo, ba ya kama yatsa. Na hura wuta tun hantsi, kumfa ta yi ta tasowa ina kwashewa, har la'asar kasko bai yi irin kukan da yake yi in ya kusa ba. Yadda ake gwadawa, a ɗiga kaɗan a ruwan sanyi, in ya yi sai ya daskare ka karya shi ƙas. Na ɗiga, ya zauna a gindin ƙwarya kamar jiƙaƙƙen ƙaro. Na ƙara wuta, ya fara ƙauri. Dole na zuba a kwanoni haka nan. Washegari muka zo muka kife kwano, abin ya ƙi fita, baƙi ƙirin, yana naɗe yatsa.

Bunyaminu ya dangwala ya lasa. Ya ce, a hankali, "Ko hannunki na ya manta, Yaya?"

Na ce, "Hannuna bai manta ba. Ruwa ka kawo min na dahwa maka ruwa."

Ina da sauran magana, shekara da shekaru ina ajiyar ta, amma da na ga fuskarsa sai na haɗiye. Ran kasuwar Bagudo ya tafi shi kaɗai ya sayo mazarƙwailar wasu, ya ƙunshe a buhu kamar kayan sata. Da ita aka kai Safina. Dangin ango suka yi ta yabon raken Bunyaminu, yana zaune yana amsa musu da kai.

Bayan biki ya ɗauko malamin gona, wani saurayi mai natsuwa a kan babur. Ya bi gonar lungu lungu yana ɗibar ƙasa a leda, ya tafi da ita, ya dawo bayan wani lokaci. Muka zauna a gindin tsamiya ya yi mana bayani. Ya ce rake mai ci ne, kowace sanda da ta hau mota ta tafi da wani abu daga jikin ƙasar, kuma ba abu ɗaya rake ke ci ba, shi kuwa farin takin nan abu ɗaya yake mayarwa. Ya ce ganyen da ake ƙonewa da kashin shanun da aka hana, su ne ke ruɓewa su baƙanta ƙasa su sa ta riƙe ruwa da abinci. Ya ce kuma yawan farin takin, shekara bayan shekara, ya sa ƙasar ta yi tsami, har saiwa ba ta iya miƙewa a ciki, ko an zuba abincin ba ta iya ɗauka.

Na ɗebi ƙasar na sa a harshe. Na ce, "Yaro, ni ban ji tsami ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, saiwa ta fi ki harshe."

A duk rayuwata shi ne ya fara gaya mini an fi ni harshe na kuma yi shiru.

Bunyaminu ya ce, "To, ta mutu ke nan?"

Malamin ya ce ba ta mutu ba, amma ba za ta tashi da rake a kanta ba. A tumɓuke duka, a fasa jinga ruwa ya shiga, a nemo taki na dabba da toka, akwai kuma wani farin gari mai kashe tsami in an samu. A yi ta wake da gyaɗa, a bar ganyensu a wurin. Bunyaminu ya tambayi shekara nawa. Ya ce ba zai yanke ba, amma ba biyu ba ce, ba uku ba.

Ya yi duk abin da aka ce, wannan shaida zan ba shi ko a gaban wa. Da hannunsa ya sari jingar. Ya cire shingen ƙaya. Ya tafi neman Hamma, ya tarar ya rasu, 'ya'yansa sun sauya mashaya, da ƙyar ɗaya ya yarda ya kawo 'yan shanu su kwana. Ya bi gida gida yana roƙon tokar murhu, shi da ake roƙo. Ya zuba wake. Waken ya fito a rame, ya ba da abin da ba zai cika buhu ba.

Ba yunwa ce ta kore shi ba, don 'ya'yansa sun kawo ƙarfi. Hannunsa ne ya rasa abin riƙewa. Har lokacin mutane na kiran sa Mai Rake, su tsaya su gaisa suna kallon hannun nasa don sabo. Na kama shi sau da yawa yana sayen rake a tasha don ya sami abin karya wa mutane. Ya rame, ya daina dariya da kunnuwansa. Shekara ta biyu da aka zuba waken, sai ga wan Atika, matar Bunyaminu, daga tsallaken Benin, ya ce akwai fadama a wajensu da ba ta taɓa ganin rake ba, baƙa kamar gawayi, ana neman mai hannu.

Na ce masa, "Ka cinye ta gida, yanzu za ka ci ta mutane?"

Ya ce, "Ba zan yi mata yadda na yi ma wagga ba, Yaya. Na ji jiki. Zan yi irin na Baba. In tamu ta hwarhwaɗo, ki aiko, in zo in kwantar da gaɓar hwarko da hannuna."

"Ka zamna ka yi jinyar ta mana. Wa ka barin mara lahiya ya tahi yawo?"

"In na zamna, ni za ki yi jinya."

Na dube shi na ga ba ƙarya yake ba. Ya bar gonar a hannuna, ɗana Sadisu na noma.

Saran farko da ya yi a can, ya aiko mini da dami guda a bayan babur. Kauri kamar dantsen namiji. Na daka a turmi na tace, na dafa a ƙaramar tukunya, ya daskare tun kafin in gama wanke ludayi. Na karya, ya ce ƙas. Na zauna ni kaɗai na ci, na yi kukan da ban yi ba ran bikin Safina. Mai babur ɗin ya ce Bunyaminu ya ce a gaya mini ya kafa murhu a gefen gonar, kuma ba shinge.

Daminar da ta biyo, zazzaɓi ya kama shi. Kafin labari ya iso mu an riga an rufe shi a can. Har yau ban ga kabarin ba, ƙafata ba ta kai ni. Allah ya jiƙan auta, ya sa ya huta.

Fadamar tana nan. Ɓangaren da ke kusa da gulbi ya fara baƙi, hauya na shiga ba ƙara, waken bana ya yi 'ya'ya har na ba maƙwabta. Na tudu har yanzu fari ne, tofa ba ta gama saki ba. Sadisu ya sha cewa mu gwada rake ko kunya biyu ce, nakan ce ba yanzu ba. Wani lokaci gaskiya ce, ƙasar ba ta kai ba. Wani lokaci kuma ban san wanda zan bari ya kwantar da gaɓar farkon ba.

Ranar da zai tafi na raka shi tashar Illo. An ɗaure masa irin rake a bayan babur, an naɗe da jiƙaƙƙen buhu, ya fi damuwa da shi fiye da jakar kayansa, sai taɓa ɗaurin yake yi. Atika ta riga ta hau wani babur ɗin tana share hawaye da gefen mayafi. Ya tsuguna gabana, mutum mai furfura, yadda yake yi tun yana ƙarami. Ya ce, "Yaya, ki yahe mani."

Na ce, "Tashi, mutane na kallo, kada a ce na sa ka tsugunno."

Ya hau. Mai babur ya taka, injin ya kama. Na riƙe gefen rigarsa, don na san in na saki ya tafi, na sunkuya wajen kunnensa saboda ƙara.

Na ce, "Bunya, ji nan. Gona na iya jiranka shekara goma, ba ta da inda za ta. Ni ce ba ni da shekara goma, don haka kada ka tsaya shashanci."